Tsohon Jirgin Alminiyam da Hannayen Sabon Gari

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, tsohon ma'aikacin ƙere-ƙere, ya gabatar a taron shekara-shekara



Lokacin da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa an ware mini rabin sa'a in yi magana, na san abin da jama'a suka saba ji a irin wannan dandali, wato batun makarantu da asibiti da magudanun ruwa. Waɗanda suka fi ni sani sun yi bayani a kansu tun da safe, ba ni da abin ƙarawa. Ni shekara talatin da 'yan kai na yi ina dukan ƙarfe, saboda haka a kan ƙarfe zan tsaya. Zan ba ku labarin wani tsohon jirgin ruwa na alminiyam, da yadda aka ceto shi daga bakin wuta, da kuma abin da nake roƙon wannan ƙungiya ta yi game da ɗan'uwansa da ke jiran irin wannan ceto.

Na ga wasu sun yi murmushi, kuma ban ga laifinsu ba, domin Zariya ba Lakwaja ba ce, ba kuma Yawuri ba. Amma wanda ya daɗe a birni yakan manta cewa muna da ruwa. Kogin Galma yana ratsa gabashinmu kafin ya je ya haɗu da Kogin Kaduna. Kubanni ta bi ta Samaru, ta raba Sabon Gari da Tudun Wada, sannan ta faɗa Galma. A tsakiyar shekarun 1970 aka datse Galma domin ruwan shan gari, aka kuma datse Kubanni a cikin harabar Jami'ar Ahmadu Bello. A bakin waɗannan ruwaye akwai masunta da ke kawo tarwaɗa da karfasa kasuwar Sabon Gari, akwai kuma manoman rani masu tumatir da rake da albasa, waɗanda wasunsu gonakinsu na tsallaken kogi. Idan watan Agusta ya kama, Galma ta cika ta batse, duk wanda zai ƙetare yana bukatar abin hawa wanda zai amince wa ransa a cikinsa.

Shekaru kaɗan da suka wuce, wani ɗan ƙanwata mai sana'ar su ya same ni a gida a Muciya da hantsi, ko zama bai yi ba ya ce, "Kawu, tashi mu je ka ga wani abu kafin a sare shi." Muka je wurin 'yan gwangwan. A can na tarar da jirgi mai tsawon kusan ƙafa 14 an jingine shi da tulin tsoffin injuna. Asalinsa wata ma'aikata ce ta sayo shi domin wani aiki da ya daɗe da ƙarewa, aka ajiye shi a bayan ofis shekara da shekaru, ganye da ƙasa suka cika shi, ruwan sama yana kwanciya a ciki kowace damina, daga bisani aka yi gwanjonsa tare da tarkacen kujeru. Mai wurin ya gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa gobe za a yayyanka shi a kai wa masu zubin tukwane. A kan sikeli muka yi ciniki, kilo-kilo, kamar mai sayen dawa.

Ba na zargin 'yan gwangwan, sana'arsu suke yi, kuma lissafinsu daidai ne. Alminiyam, wanda kakanninmu ke kira sanholo, ƙarfe ne mai tsadar samu daga ƙasa saboda wutar lantarkin da yake ci wajen tacewa, amma narkar da tsohonsa ba ya cin fiye da kimanin kashi 5 cikin 100 na wannan wutar. Shi ya sa duk inda guntunsa ya faɗi akwai mai nemansa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, jirgin da aka ƙera da gwaninta, wanda zai iya ciyar da gida guda shekara ashirin, a mai da shi tukwanen biki a yini ɗaya.

Kafin in shiga gyaran, ya kamata a san halin wannan ƙarfe, domin duk ɓarnar da na gani a jikin jirgin daga rashin sanin halinsa ta fito. Nauyin alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, shi ya sa mutum huɗu suka ɗaga jirgin suka ɗora a mota ba tare da nishi ba. Ba ya tsatsa irin jar tsatsar da muka sani, saboda da zarar iska ta taɓa shi yakan yi wa kansa wata siririyar fata da ido ba ya gani, wadda ke kare abin da ke ƙarƙashinta. Wannan rashin nauyi ne ya sa aka zaɓe shi wajen ƙera jiragen sama. A Amurka, da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo ƙarshe a 1945, kamfanin Grumman da ke ƙera jiragen yaƙi ya juya ga ƙera kwale-kwalen alminiyam, da irin ƙusoshin da irin hannayen da suka haɗa fikafikan jiragen sama. Ku riƙe wannan batu, zan dawo kansa.

To amma alminiyam yana da abokan gaba. Na farkonsu shi ne wani ƙarfen daban. Idan aka haɗa shi da jan ƙarfe ko tagulla ko baƙin ƙarfe, ruwa kuma ya shiga tsakaninsu, sai wurin ya zama tamkar ƙaramin batir, alminiyam ɗin ne kuma ke narkewa a hankali ya zama farin gari. Wanda ya taɓa gyara jirgin kafin mu ya toshe wasu ramuka da noti da ƙusar baƙin ƙarfe irin na mota, ya liƙa wani faifan tagulla a gindi, ya bi da kwalta ya shafe. Da muka kankare kwaltar, sai muka ga kowace ƙusa ta ci kewayenta, ramin da a da bai wuce kan ashana ba ya koma wanda ɗan yatsa ke shiga. Gyaran ya fi shekarun zama a bayan ofis yi wa jirgin illa. Abokin gaba na biyu shi ne sodar nan mai zafi da mata ke yin sabulu da ita, tana cin alminiyam ci na gaske, don haka kada wanda ya ce zai wanke jirgi da ita domin ya yi fari. Ruwa da sabulu da buroshin roba sun isa, inda ya yi taurin kai a sa samfefa ko buroshin ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ba a taɓa goga baƙin ƙarfe da shi ba.

Bayan wanki sai neman inda yake yoyo. Hanyar tana da sauƙi har mutum ya raina ta. Maimakon a kai jirgi ruwa, sai a kawo ruwa cikin jirgi. Muka ɗora shi a kan tsoffin tayoyi da katako yadda mutum zai iya kwanciya a ƙarƙashinsa, muka zuba ruwa kimanin taƙi ɗaya, ɗan ƙanwata ya shiga ƙasa da alli a hannu yana zagaye duk ƙusar da ta yi gumi. A kula, kada a cika shi fal. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, jirgi kuwa an ƙera shi ne ruwa ya tallafe shi daga waje, idan aka cika shi a tudu cikinsa zai lotsa. Da muka gama, zagayen alli ya haura arba'in, ga kuma tsaga guda mai tsawon yatsa a kusa da wani haƙarƙari na tsakiya.

A nan ne na yi karambanin da ya kamata in faɗa muku da bakina. Na ɗauka shekaruna a sana'a sun isa, na ɗauko waldar gas na nufi tsagar. Baƙin ƙarfe idan ya ji wuta yakan yi ja ya gargaɗe ka. Alminiyam ba ya sauya launi. Yana narkewa a kan zafin digiri 660, alhali fatar nan da ke kansa sai zafi ya haura digiri 2,000 take narkewa, saboda haka kana ganin sama lafiya lau, ciki ya riga ya zama ruwa. Ina cikin jiran alama sai wurin ya zube, tsaga mai tsawon yatsa ta zama rami mai faɗin tafin hannu. Bugu da ƙari zafin ya sassauta ƙusoshin da ke kewaye, waɗanda a da ba su da laifin komai. Ɗan ƙanwata bai ce mini uffan ba saboda kunya, amma na ga idonsa.

Wanda ya fitar da ni daga wannan kunya wani dattijo ne maƙwabcina, wanda ya yi aikin gyaran jiragen sama har ya yi ritaya. Ya zo da sandarsa ya zagaya jirgin sau biyu, ya shafa layin ƙusoshin da hannu, ya ce, "Malam, ai wannan aikinmu ne. Ajiye wutar nan." Ya bayyana mini cewa ana yi wa alminiyam walda, amma da inji na musamman mai busa iskar agon domin kare narkakken ƙarfen daga iska, da sandar walda ta irin gaurayen da aka yi jirgin da shi. Ko da hakan, jirgi mai siririn jiki da aka haɗa da ƙusa ya fi son a gyara shi da ƙusa, domin wuta tana tausasa faifan da ke gefen waldar, a nan kuma sabuwar tsaga takan fito.

Ƙusar da nake nufi ita ce wadda masu sana'a ke kira ribit, guntun alminiyam mai kai a gefe ɗaya, a zura shi cikin rami, a dunƙule ɗaya gefen da guduma har ya matse faifai biyu. Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya yana waje ya danne kan ƙusar da dunƙulen ƙarfe mai nauyi, ɗaya yana ciki yana bugu. Yawancin ƙusoshin da muka zagaye da alli sassautawa kawai suka yi, bugu uku ko huɗu ya mai da su daidai. Waɗanda suka ci sai a huda tsakiyarsu a cire, a ɗan faɗaɗa ramin, a sa wadda ta fi ta kauri kaɗan. Dattijon yana da ƙa'idar da ba ya sassautawa a kanta: abin da zai leƙo na ƙusar kafin bugu ya zama kaurinta ɗaya da rabi, bayan bugu kuma faɗin sabon kan ya zama kaurinta ɗaya da rabi, tudunsa rabin kaurinta. In ka wuce haka ka raunana ta, in ka gaza za ta yi yoyo. Ya sa ni na cire guda shida da na buga da hannuna, ni da furfurata, ban kuwa yi musu ba. Ya kuma hana mu amfani da ribit mai rami a tsakiya irin na masu haɗa tagogi, wanda ake ja da bindigar hannu, domin ruwa yana bi ta ramin, kuma sandar cikinsa sau da yawa baƙin ƙarfe ce.

Game da tsaga, ya koya mana abin da ya kamata kowane mai gyaran ƙarfe ya sani: a nemo ainihin inda ta tsaya ta kowane gefe, a huda ɗan ƙaramin rami a wurin, sai ta daina tafiya. Daga nan a yanko faci wanda ya zarce ta ta ko'ina, a shafa abin liƙi mai hana ruwa a tsakani, a jera ƙusoshi a kewaye da tazara daidai. Neman facin ma sai da ya ba mu wahala. Kwanon rufin ɗaki na alminiyam ya yi siriri ƙwarai. Abin da masu tukwane ke zubawa kuwa gauraye ne na tarkace iri-iri, har da fistan mota, yana da gautsi, in aka lanƙwasa shi sai ya karye. Jikin jirgi ana yinsa ne da alminiyam da aka gauraya da ɗan sinadarin magniziyam, irin wanda 'yan kasuwa ke kira da lamba 5052 ko 5086. A ƙarshe daga jikin jirgin kansa muka samu, muka yanko daga wani benci da ya riga ya lalace, muka maye gurbin bencin da katako.

Katakon baya, inda ake ɗaura inji, ya ruɓe har ana tona shi da yatsa. Muka sauya shi da sabo, muka shafe shi da fenti ta kowace fuska kafin a mayar, muka ɗaure da ƙusoshin ƙarfen da ba ya tsatsa tare da wasar roba a tsakani domin kada ƙarafan biyu su taɓa juna. Fenti bai dame mu ba, alminiyam ba ya bukatarsa domin ya rayu. Cikin jirgin kawai muka shafa saboda ƙyallin rana da zafin tafin ƙafa.

Akwai wani abu guda da nake so kowa ya fita da shi daga wannan zaure, ko da ya manta sauran. Kwale-kwalen katako idan ya kife yawanci yakan tsaya a saman ruwa, mutane su riƙe shi har taimako ya zo. Jirgin alminiyam idan ya cika da ruwa ƙasa zai tafi kai tsaye, sai fa in an sa masa abin da zai riƙe shi. Masu ƙera shi sun san haka, shi ya sa suke cusa soso mara shan ruwa a ƙarƙashin bencina. Na jirginmu ɓeraye sun cinye rabi, sauran ya jiƙe ya yi nauyi kamar tubali. Muka kwashe shi, muka kawo jarkoki huɗu masu cin lita 25, muka toshe bakinsu da kyau, muka ɗaure su tam a ƙarƙashin bencina. Kowace lita ta iska da aka kulle tana ɗaga kimanin kilo ɗaya a cikin ruwa, jarkoki huɗu ke nan suna ɗaga kusan kilo 100, wanda ya isa ya hana jirgin nutsewa. Ba mu tsaya ga lissafi ba. Ranar gwaji mun kai shi wuri mara zurfi, muka cika shi da ruwa da gangan a gaban masunta, ya tsaya bakinsa a saman ruwa, mutum uku suna riƙe da shi.

Jama'a, ba domin nishaɗi na tsawaita a kan wannan ba. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya daga ƙauyen Badau. A watan Yuni na 2023, fiye da mutum 100 suka rasu a Kogin Kwara a yankin Patigi suna dawowa daga biki. Allah Ya jiƙansu. A irin waɗannan haɗurra abin da akan ji shi ne lodi fiye da kima da rashin rigunan kariya. Bagwai dam ce irin tamu, ba teku ba. Saboda haka muka rubuta da jan fenti a jikin jirginmu cewa mutum huɗu ne iyakarsa, na kuma gaya wa ɗan ƙanwata a gaban mahaifiyarsa cewa ranar da na ji ya ɗauki na biyar, da hannuna zan mayar da jirgin wurin 'yan gwangwan. Damina uku ke nan yana aiki da shi, abin da ya nema a wurina tun daga lokacin bai wuce ƙusa biyu ba.

Yanzu in dawo kan batun da na ce ku riƙe. Garin nan da ƙarfe aka kafa shi. Sabon Gari ta tashi ne da zuwan jirgin ƙasa wajen 1911, iyayen da yawa daga cikinmu, har da mahaifina, a reluwe suka ci abinci, kuma tukunyar tsohon jirgin ƙasa mai gawayi da ribit ake haɗa ta. Tun 1964 muke da kwalejin koyon tuƙi da gyaran jiragen sama a kan hanyar Samaru, inda ake koyar da ainihin wannan aiki na faifan alminiyam. Ga tsangayar injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello, ga masu walda da masu gyaran jikin mota daga Cikaji har Dogarawa. Ban san wani gari a Arewa da ya tara waɗannan hannaye wuri ɗaya kamar namu ba. Duk da haka masuncin Galma yana toshe jirginsa da kwalta da tsumma, dattijon da ya san maganin abin kuma yana zaune a ƙofar gida yana sauraron rediyo, tsakaninsu bai fi tafiyar rabin sa'a a babur ba, babu wanda ya taɓa haɗa su. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san inda aka ajiye ta. Maƙwabcin nan nawa ya haura saba'in, idonsa ya fara rauni.

Ga roƙona ga ƙungiya. Akwai jirgi na biyu, ɗan'uwan wancan, a hannun mai gwangwan ɗin nan. Na duba shi, jikinsa ya fi na farko lafiya. Mutumin ya yi mini alkawarin zai riƙe shi zuwa faɗuwar ruwan farko, bayan haka ba ni da bakin magana, domin shi ma kuɗinsa ne a kwance. Ina so ƙungiya ta saye shi ya zama nata, a gyara shi a fili inda matasa za su gani, a ɗauki yara biyu ko uku daga cikin masu koyon walda a ba su kuɗin abinci da na mota har a gama, dattijon ya koyar da su, ni kuma in riƙe musu dunƙulen ƙarfe. In an gama a danƙa shi ga shugabannin masunta bisa yarjejeniya a rubuce, ya zama jirgin fito da ceto a lokacin cikar kogi, da rigunan kariya huɗu da ba sa rabuwa da shi, da littafin da za a riƙa rubuta duk gyaran da aka yi masa.

'Yan uwa mazauna birane, ba kuɗi kaɗai nake nema a wurinku ba. Na Legas da na Fatakwal, ribit na alminiyam mara rami da rigunan kariya sun fi samuwa a wajenku, ƙulli ɗaya a cikin jaka ya ishe mu shekara. Waɗanda ke aikin gwamnati kuma, ku riƙa leƙa bayan ofisoshinku da ɗakunan ajiya. In kun ga irin wannan jirgi a yashe, ku sanar da sakatare kafin a buga ƙararrawar gwanjo, a bi hanyar da doka ta tanada a saye shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, gyaran na farko ya ɗauke mu mako bakwai, kuma tsakaninmu da damina bai fi haka da yawa ba.

Na bar wa ma'aji takardar kiyasin kayan aiki, duk mai son dubawa ya same shi bayan an tashi. Wanda kuma yake son ganin jirgin farko da idonsa, gobe da ƙarfe tara na safe zan jira a ƙofar wannan zaure mu tafi bakin Galma tare.